Aska da Almakashi: Bambancin Aiki da Hukunci

Bambancin da ke tsakanin aska da almakashi ya samo asali ne daga yadda kowannensu yake datse gashi. Aska kaifi ɗaya gare ta, tana bin fata a karkace ta yanke gashin daga gindinsa, shi ya sa wanzami yake jiƙa kai da ruwa da sabulu, ya wasa bakinta, sannan ya ɗame fatar da babban yatsa kafin ya ɗora ta. Almakashi kuwa baki biyu ne da suke matse gashi a tsakaninsu, nesa da fata, don haka aikinsa saisaye ne, wato rage tsawon suma ba tare da an kai ga ƙwal-kwabo ba. Injin askin zamani ma, wanda ake kira kilifa, a kan wannan tsari yake tafiya, domin haƙoransa ƙananan almakasai ne a jere.

Fiƙihu ya kula da wannan rabe-raben. A ranar 10 ga Zulhajji, alhaji yana da zaɓi tsakanin aski da saisaye, amma malamai sun fifita aski ga namiji, saboda addu'ar da Manzon Allah (SAW) ya maimaita wa masu askewa kafin ya ambaci masu saisayewa. Mace kuwa gwargwadon gaɓar yatsa kawai take ragewa. Haka nan askin suna, a rana ta bakwai, da aska ake yin sa.

Sai dai kusancin aska da fata, wanda shi ne falalarta, shi ne kuma haɗarinta. Gashi mai murɗewa, irin na yawancin mutanen ƙasar Hausa, idan aka yanke shi da tsini daidai fata, yakan lanƙwasa ya koma cikinta, ya haifar da ƙurajen aski a wuya da ƙeya, abin da ba kasafai saisaye yake jawowa ba. Mafi muni shi ne aska ɗaya ta zagaya kawuna da yawa, domin ɗan jinin da ido bai gani ba ya isa ya ɗauko ƙwayar cutar hanta nau'in B, kuma goge askar a tsumma ko a tafin hannu ba ya kashe ƙwayar.

Wannan ba hujjar watsi da zabirar wanzami ba ce, domin babu almakashin da zai yi askin jariri. Abin da ya wajaba a kan sarakunan aska da yaransu shi ne kowane kai ya samu sabuwar reza, ko kuma askar da aka tafasa.