Kuɗin Gwamnati Da Ceton Masu Shan Ƙwaya

Jama'a Musulmi, malamanmu sun karantar da mu cewa hankali yana cikin abubuwa biyar waɗanda shari'a ta zo domin kiyaye su, tare da addini da rai da zuriya da dukiya. To, kodin da tiramadol, waɗanda asalinsu magunguna ne na tari da kashe zafin ciwo, su ne suke raba samarinmu da matan aure da wannan baiwa.

Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da Majalisar Ɗinkin Duniya a 2018 ya nuna mutum miliyan 14.3 a Nijeriya suna shan miyagun ƙwayoyi, miliyan 4.6 daga cikinsu kuwa irin su tiramadol suke sha ba da umarnin likita ba. A watan Mayu na 2018 Gwamnatin Tarayya ta hana yin maganin tari mai kodin da shigo da shi. Madalla. Amma hani bai warkar da wanda jikinsa ya riga ya saba, domin da zarar ya daina sai ciwon gaɓoɓi da amai da rashin barci su taso masa, har ya koma.

Inda babu asibiti kuwa, sai iyaye su kai ɗansu gidan mari. Ba mu manta da ɗaruruwan mutanen da 'yan sanda suka fitar daga wani gida a Rigasa, Kaduna, cikin 2019 ba, wasunsu da sarƙa a ƙafa.

Magabata ba haka suka yi ba. A 1284 Sarkin Musulmi Ƙalawun ya gina babban asibiti a Alƙahira, ya yi masa waƙafi, ana jinyar mai kuɗi da matalauci kyauta, har da masu taɓin hankali.

Saboda haka muna kira ga Gwamnatocin Jihohi su ware kaso sananne a kasafin kuɗinsu domin abu uku: faɗakarwa a makarantu da masallatai, jinya a hannun likitoci, da koya wa wanda ya warke sana'a don kada zaman banza ya mayar da shi. A Abuja ne, a 2001, shugabannin Afirka suka yi alkawarin ba lafiya kashi 15 cikin ɗari na kasafi. Alkawari kaya ne.

Allah Ya shiryi zuriyarmu, amin.