Jirgin Sama Na Wasa: Rediyon Da Ya Dace Da Ɗan Koyo A Sabon Badun

Duk wanda ya tashi a ƙasar Hausa ya san motar kara da motar langa-langa da yara ke ƙerawa su ja da zare. To, a unguwar Sabo ta birnin Badun, wadda aka keɓe wa Hausawa fatake tun shekarar 1916, jikokin masu cinikin goro da shanu sun fara ɗaga ido sama. Saurayi ya samu farin soson da ake kunshe firiji da shi, ya fiƙe fukafukai, ya ɗaura farfela da ɗan ƙaramin injin batir, ga jirgi ya tsaya. Sai dai jirgin ba zai tashi ya dawo lafiya ba sai da rediyon da ake sarrafa shi daga ƙasa, kuma a nan ne yawancin 'yan koyo ke yin asarar kuɗinsu.

Wannan fasaha ba sabuwa ba ce. Tun wajen 1937 wasu tagwaye 'yan Amurka, Walter da William Good, suka tashi ɗan jirginsu da rediyo. A gida Nijeriya kuwa, jirgin sama na gaske ya fara sauka a Kano ne a watan Nuwamba na 1925, aka kafa Kwalejin Koyon Tuƙin Jirgin Sama a Zariya a 1964, kuma a 2007 wani ɗalibin Jami'ar Bayero, Mubarak Muhammad Abdullahi, ya ƙera jirgi mai saukar ungulu da tarkacen mota da babur. Ashe ke nan basira ba ta yi mana ƙaranci ba, sanin kayan aiki ne ake nema.

YADDA ABIN KE AIKI

Kayan kashi uku ne. Akwai akwatin da matuƙi ke riƙewa a hannu, wanda ake kira rimot, mai sanduna biyu da ake motsawa da manyan yatsu. Akwai resiba, wata 'yar na'ura da ba ta kai girman kwalin ashana ba, wadda ake ɓoyewa a cikin jirgin domin ta karɓi saƙo. Sa'an nan akwai sarbo, watau ƙananan injuna masu jan wayar da ke motsa fiffiken wutsiya da gefen fukafukai. Ga ƙaramin jirgi, sarbo mai nauyin giram 9 ya wadatar.

Kowane motsi ɗaya yana buƙatar layinsa. Layi na farko na totur ne, na biyu na ɗaga hancin jirgi ko sunkuyar da shi, na uku na juya shi dama ko hagu, na huɗu kuma na karkata fukafukai. Ɗan koyo yana iya farawa da layi 3, amma shawarar da muke bayarwa ita ce ya sayi mai layi 6. Dalili kuwa shi ne jirgin farko ba ya daɗewa, zai faɗi ya karye a sake wani, amma rediyo mai kyau yana bin mai shi daga jirgi zuwa jirgi shekara da shekaru. Mutanen Sabo, inda 'yan canji suka yi kaka-gida, sun fi kowa sanin cewa kayan da ake shigowa da su daga waje da farashin dala suke tafiya. Sayen abu ɗaya sau biyu ba dabara ba ce.

TSOHON YAYI DA SABO

A da, waɗannan rediyoyi suna aiki ne a kan zangon megahaz 27 ko 35 ko 72, kowanne da doguwar eriya da ɗan kiristal mai tsayar da shi a tasha ɗaya. In mutum biyu suka kunna a tasha guda, sai saƙonsu ya cakuɗe jirgin ya rikito. Daga wajen 2005 kamfanin Spektrum ya fito da masu aiki a kan gigahaz 2.4, sauran kamfanoni irin su Futaba na Japan da FlySky na ƙasar Sin suka bi baya. A wannan tsari ana ɗaura resiba da rimot ɗinta, ba za ta saurari wani ba. Saboda haka in an tallata maka tsohon yayi mai doguwar eriya a kan araha, ka tuna araha ba ta ado.

Ga kuma wani tarko. Ko da duka a kan gigahaz 2.4 suke, resibar wani kamfani galibi ba ta jin yaren rimot ɗin wani. A sayi su biyun tare, kuma a tabbata za a iya samun wata resibar irinta nan gaba. Haka nan a tambayi gefen da totur yake. A tsarin da ake kira na biyu, wanda ya fi yaɗuwa, totur yana hannun hagu ne. A zaɓi irin na wanda zai koyar da kai. Rimot ɗin motar wasa ta yara kuwa ba ya cin dogon zango, kada a yi gangancin sa shi a jirgi.

Abu biyu ne kuma ya kamata a duba kafin a biya kuɗi. Na ɗaya, in saƙo ya yanke, ya kasance resibar tana kashe injin da kanta. Na biyu, ya kasance ana iya haɗa rimot ɗin da kwamfuta domin gwaji, ko da na malami, yadda in ɗalibi ya rikice malamin zai karɓe tuƙin nan take.

INA ZA A TASHE SHI?

Sabo unguwa ce mai cunkoso, ga wayoyin lantarki, ga masallatai da rumfunan kasuwa, ga hanyar Mokola da ba ta rabuwa da motoci. Farfelar da ke juyawa tana yanka fata kamar wuƙa, batirin irin waɗannan jirage kuma yana kama wuta in ya fashe ko ya sha zafin rana. Lalle ne a nemi fili mai faɗi da izinin masu shi, a nisanci filin jirgin sama na Alakiya da barikin soja. Tun 2016 Hukumar Kula da Sufurin Jiragen Sama ta Ƙasa ta sa ƙa'ida a kan jirage marasa matuƙi, don haka a nemi bayaninta tukuna. Kafin kowane tashi, a fara kunna rimot sa'an nan jirgi, a ja da baya a gwada ko yana amsawa.

Muna kira ga iyaye da shugabannin Sabo da kada su ɗauki wannan abu shiririta. Yaron da ya fahimci dalilin da ya sa jirgin soso ke tashi, ya riga ya sa ƙafa a hanyar zuwa Zariya. Da rarrafe yaro kan tashi. Allah ya yi wa zuriyarmu albarka, amin.