Hasashen warkewa daga raunin fizgar wuya

Raunin fizgar wuya, wanda ake kira whiplash da Turanci, yana faruwa ne idan kai ya fizgu baya da gaba cikin sauri, galibi a hatsarin mota idan an bugi motar ta baya. Alamominsa sun haɗa da ciwon wuya, sanƙarewar wuya, ciwon kai da jiri. A shekarar 1995 wani kwamitin masana na lardin Quebec a ƙasar Kanada ya kasa raunin zuwa matakai biyar, daga 0 zuwa 4.

Lokacin samun sauƙi

Yawancin sauƙin yana samuwa ne cikin watanni uku na farko, bayan haka ci gaban yakan ragu. Kusan rabin waɗanda suka ji raunin suna ci gaba da jin ciwon wuya bayan shekara guda.

Abubuwan da likitoci ke dubawa

Babbar alamar jinkirin warkewa ita ce tsananin ciwo tun daga kwanakin farko, da yadda ciwon ke hana mutum ayyukansa na yau da kullum. Ana auna wannan da takardar tambayoyi goma ta NDI, wadda Vernon da Mior suka fitar a 1991. Firgici da damuwa bayan hatsarin, da yanke ƙauna daga warkewa, su ma suna ƙara yiwuwar ciwon ya daɗe. Ɓangaren da aka bugi motar da kujerar da mutum ya zauna ba su cika nuna yadda warkewa za ta kasance ba.

Shawarar likitoci ita ce komawa ayyuka da motsa wuya a hankali, domin daɗewa da abin ɗaure wuya yana jinkirta samun sauƙi.