Kafin ka sayar da gona don neman maganin hanta ko ƙanjamau

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne yadda magidanci zai sayar da gona ko awakin matarsa ya kai wa mai tallar magani a mota da lasifika, wai zai wanke masa ciwon hanta cikin mako biyu. A ɗura masa jiƙo jarka-jarka, ya sha har idonsa ya yi rawaya, ciki ya kumbura. Sai a lokacin za a kwaso shi zuwa asibiti, aljihu babu ko sisi. In ka tambayi 'yan'uwa su ce ai maganin asibiti tsada gare shi. To wa ya je ya tambayi kuɗin? Babu!

Maganin cutar ƙanjamau kyauta ake bayar da shi a asibitocin gwamnatin Najeriya tun 2006, da tallafin shirin PEPFAR na Amurka da asusun Global Fund. Ƙwaya ɗaya ce a rana ga yawancin masu sha. Ko a farkon 2025 da Amurka ta dakatar da tallafin ƙasashen waje, gwamnatin tarayya ta ware naira biliyan 4.8 don sayo maganin. Amma saboda kada a gan shi a layi, sai mutum ya tsallake asibitin unguwarsu ya riƙa saye a ɓoye a wani gari. Ran da kuɗi suka ƙare ya daina sha, ko ya raba ƙwayar shi da matarsa. Wannan ganganci ne, domin ƙwayar cutar sabawa take yi da maganin har ya daina yi mata aiki. Idan idon jama'a kake gudu, ka yanki kati a wani asibitin gwamnati da ke nesa da ku. Idan kuɗin mota ne matsalar, ka gaya wa ma'aikata, ana ba wanda jikinsa ya daidaita maganin wata uku zuwa shida a lokaci guda. Ka kuma nemi reshen ƙungiyar NEPWHAN ta masu ɗauke da cutar, sun san hanyoyin taimako.

Ciwon hanta kuwa shi ne mai cin aljihu, don bai samu irin wannan gata ba, alhali binciken ƙasa na 2018 ya nuna kusan mutum 8 cikin 100 na manya suna ɗauke da nau'in B. Sai dai ba duk mai ɗauke da shi ne ke buƙatar magani nan take ba, likita ne zai tantance bayan gwaji. Wanda aka ɗora a kan maganin tenofovir kada ya kuskura ya yanke da kansa, domin ciwon kan taso da ƙarfi ya illata hantar. A yi gwajin ƙanjamau kafin a fara. Mai ɗauke da cututtukan biyu, maganin kyautar nan yana riƙe masa duka. Nau'in C kuma ana warkewa sarai da sofosbuvir da daclatasvir cikin mako 12, kuma Jihar Nasarawa tana da shiri na musamman a kansa.

Matambayi ba ya ɓata. Asibitocin koyarwa suna da ofishin walwalar marasa lafiya, ka je da takardar likita ka faɗi halin da kake ciki. Ka yi rajista da hukumar taimakekeniyar lafiya ta jiharku, kamar KSCHMA a Kano, ka tambayi abin da take biya, musamman kason marasa ƙarfi. Akwai hukumomin zakka irin na Sakkwato da Kano. Ka ce wa likita ya rubuta sunan maganin na asali ba sunan kamfani ba, ka saya a kantin magani mai rajista, ka duba lambar NAFDAC. Dangi kuma, masu iya haɗa dubban ɗaruruwa don kayan ɗaki, me zai hana ku haɗa na ƙwayar ɗan'uwanku kowane wata?

Allurar rigakafin ciwon hanta nau'in B kyauta ce ga jarirai, kuma an fi so a yi ta cikin awa 24 da haihuwa. Iyaye, kada ku jira sai bayan suna.