Baƙin ciki da ɗaukar ciki: abin da likitancin Sinawa ke cewa game da lafiyar mata

A unguwar Banifandu ta birnin Yamai, kamar sauran unguwannin babban birnin namu, ba a rasa masu tallar magani. Wasu na ɗauke da shi a tire, wasu sun baje shi bisa tebur a bakin hanya. Cikin hajarsu akwai ƴan kwalaye masu rubutun Sinawa: shayin da aka ce yana wanke mahaifa, ƙwayoyin daidaita jinin al'ada, da waɗanda ake rantsuwa suna buɗe haihuwa. Mata ne ke sha, amma sau da yawa kuɗin daga aljihun maigida yake fitowa, ɗan kasuwa ne shi ko ma'aikacin gwamnati. Saboda haka ya kamata mai biya ya san abin da likitancin gargajiya na ƙasar Sin ya faɗa a kan lafiyar mace, domin maganar tasu ba a kan kwali ta fara ba, a kan hankalin macen ta fara.

Mutanen Nijar ba baƙin likitocin Sin ba ne. An ƙulla huldar jakadanci tsakanin ƙasashen biyu a shekara ta 1974, ayarin likitocinsu na farko kuma ya sauka a 1976. Huldar ta yanke a 1992 lokacin da gwamnatin riƙon ƙwarya ta amince da Taiwan, aka sake ɗinke ta a 1996. A 2016 aka ƙaddamar da babban asibitin Referans mai gado 500 da ƙasar Sin ta gina a Yamai. Galibin waɗannan likitoci aikin zamani suke yi, wato tiyata da awo da karɓar haihuwa, sai dai ta hannunsu ne jama'a da yawa suka fara ganin siraran allurai da ake soka wa majinyaci ba tare da an ɗura masa ruwan magani ba.

Bahaushe ba zai sha wuyar gane tushen wannan ilimi ba. A harshenmu kalma ɗaya ce, ciki, ke ɗauke da abinci, da ɗan da ba a haifa ba, da murna, da ɓacin rai: mace na da ciki, tana farin ciki, ko tana baƙin ciki. Wanda ya fusata mukan ce ya yi zuciya, wanda ya firgita mu ce hantarsa ta kaɗa. Abin da muka bari a bakin magana, Sinawa sun mayar da shi karatu. Tsohon littafinsu Huangdi Neijing, wanda aka harhaɗa fiye da shekara 2,000 da suka wuce, ya ba kowane hali mazauninsa a jiki: fushi a hanta, murna a zuciya, yawan tunani a saifa, alhini a huhu, tsoro a ƙoda. A ganinsu akwai wani ƙarfi da suke kira Qi da ke zagaya jiki yana tura jini. Idan rai ya ɓaci aka danne, ƙarfin nan sai ya cije a hanta, jini ya ƙi tafiya daidai. Daga nan, in ji su, ake samun al'ada mai zuwa da ciwo ko mai saɓa lokaci, da nauyin ƙirji, da jinkirin haihuwa. Littafin ya kuma lissafa rayuwar mace bakwai-bakwai: al'ada ta fara wajen shekara 14, ta ɗauke wajen 49.

Malamansu na baya sun ɗora a kan haka. Sun Simiao, a babban kundinsa na wajen shekara ta 652, da magungunan mata ya fara kafin na kowa. Chen Ziming ya rubuta littafi sukutum a kan cututtukan mata a 1237. Amma wanda zai fi jan hankalin mai karatu a nan shi ne littafin da ake jingina wa Fu Shan, wanda ya rayu daga 1607 zuwa 1684, aka kuma buga shi a 1827. Cikin dalilan rashin haihuwa da ya lissafa, ya ware babi guda ga kishi. Ƙasar Sin ta zamaninsa gidajen masu hali cike suke da uwargida da ƙwaraƙwarai, don haka ya san abin da yake faɗa. Maganin da ya rubuta wa mai kishi haɗin saiwoyi ne, cikinsu har da saiwar aya-aya, ƴar uwar kajijin da matanmu ke turare da shi.

A nan ne ya kamata a yi hattara, domin wuƙar baki biyu gare ta. Ta fuska ɗaya, likitan da ke tambayar mace yadda take barci, da abin da ke ci mata rai, da yadda zaman gidanta yake, kafin ya rubuta magani, ya yi abin da ba kasafai ake samun lokacinsa a ɗakin awo mai dogon layi ba. Ta ɗaya fuskar kuwa, maganar na iya komawa sanda a hannun dangin miji. A ƙasar da binciken shekara ta 2012 ya nuna mace na haihuwar ƴaƴa 7,6 a tsakaice, na 2021 kuma 6,2, wadda ta shekara uku a ɗaki ba ta ko yi ɓari ba ta san abin da ake kira gori. An kira ta juya, an yi mata habaici a gidan suna, an fara yi wa maigida zancen ƙarin aure. Idan kuma aka zo aka ce mata ai kishinki ne da baƙar zuciyarki suka hana ki haihuwa, an ɗora mata kaya biyu ke nan: ciwon, da laifin ciwon.

To, me binciken zamani ya gano? Ya tabbatar da wani sashe. Tsananin damuwa, ko yunwa, ko wahala mai yawa na iya sa ƙwaƙwalwa ta rage saƙon da take aika wa ƙwan mace, al'ada ta rikice ko ta ɗauke na watanni. Amma bai tabbatar da cewa ɓacin rai ne ke rufe mahaifa ba. A 2011 mujallar likitocin Ingila, BMJ, ta tara bincike 14 da aka yi a kan mata fiye da 3,500 masu neman haihuwa ta hanyar asibiti, aka ga masu damuwa da marasa damuwa kusan daidai suke samun ciki. Allurar ma an gwada ta, kuma Sinawa da kansu suka gwada: a 2017 an buga sakamakon gwaji a kan mata 1,000 a ƙasar Sin masu matsalar fitar ƙwai, inda allurar ba ta ƙara yawan haihuwa ba, alhali ƙwayar asibiti mai suna clomifène ta ƙara. Wani gwajin na 2018 a Ostareliya da Niyu Zilan, a kan mata fiye da 800, bai sami bambanci tsakanin allurar gaske da ta gangan ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2023 mutum 1 cikin 6 na gamuwa da matsalar haihuwa a rayuwarsa. A ƙasashenmu babban abin da ke kawo ta ga mata shi ne toshewar hanyar ƙwai bayan ciwon sanyi da ba a yi maganinsa ba, ko cutar da ta shiga bayan haihuwa ko ɓari. Wannan kuwa ba shayin da ke buɗe shi.

Game da kwalayen bakin hanya, akwai darasin Beljika. A farkon shekarun 1990 mata fiye da 100 da suka sha haɗin rage ƙiba a wani asibiti na birnin Burusel suka kamu da ciwon ƙoda, da yawa har aka kai ga wankin ƙoda ko dashe, wasu kuma sankara ta biyo baya. Dalili: an musanya wata saiwar Sin da wata mai guba, Aristolochia, saboda sunayensu sun yi kama. A Turai ke nan, inda ake da ɗakunan bincike. Ina ga kwalin da ya sha ranar Yamai bisa tire, wanda mai sayarwa da mai saye duk ba su iya karanta rubutunsa? Ba raina itatuwan Sin ake yi ba. Maganin zazzaɓin cizon sauro da muke sha yau daga tazargaden Sin malama Tu Youyou ta fitar da shi, ta kuma sami kyautar Nobel a 2015. Sai dai ya bi ta awo da gwaji kafin ya iso farmasi.

Inda al'adunmu da nasu suka fi haɗuwa shi ne jego. Sinawa na tsare mai jego wata guda a ɗaki, ba aiki, ba ruwan sanyi, sai abinci mai ɗumi. Mu kwana 40 ne, da wanka da kunu da kulawar uwa ko goggo. Ba duka ne alheri ba, don tun shekarun 1970 likitocin Zariya suka danganta yawan kunun kanwa da kwanciya bisa gadon wuta da kumburin zuciyar masu jego. Amma hutun da rakiyar suna da rana. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a ƙasashe masu tasowa kusan mace 1 cikin 5 na shiga matsalar ƙwaƙwalwa bayan haihuwa, galibi ciwon damuwa. A birni, inda ma'aikaci ke zaune gidan haya nesa da dangi, mai jego na iya wuni ita kaɗai da jariri. Idan ta daina barci ko cin abinci, tana kuka ba dalili, ko ta ƙi jaririn har ya wuce mako biyu, ba shagwaɓa ba ce, ba kuma lalle iska ba ce. Ciwo ne da ke da magani, ungozomar asibitin unguwa ce farkon wadda za a faɗa wa.

Ga wadda haihuwa ta yi wa jinkiri kuwa, ƙa'idar likitoci ita ce bayan shekara guda ana tare ba ciki, ko wata shida idan ta haura shekara 35, a je awo, kuma su biyu za su je. A kusan rabin gidajen da ke fama da wannan matsala namiji na da hannu a ciki, ko da kuwa ya taɓa haihuwa a baya. Awon maniyyi ya fi yawancin awon da ake yi wa mata sauƙi da araha, ba tsaga ba allura, ana kuma yin sa a nan Yamai.