Wadda Ta Dawo Daga Daji Da Ciki: Rai Biyu Ne A Hannunmu

Akwai wata magana da ke yawo a zauruka da tsakar gidaje daga Batsari zuwa Safana, ana yin ta ƙasa-ƙasa, kuma ta isa a gaji da ita. Idan aka sako mace daga hannun 'yan bindiga, aka gano ta dawo da juna biyu, sai ka ji ana cewa abin da ke cikinta jinin daji ne, in aka bar shi ya zo duniya ubansa zai gada, gara a san yadda za a yi da shi tun duniya ba ta ji ba. Daga nan sai a nemo jiƙo wajen wata tsohuwa, ko a aiki yaro kemis da 'yar takarda, a rufe ɗaki. Wata ta tsira da ranta, wata kuma jini ya ɓalle mata cikin dare a garin da babu mai iya fita da mota kafin wayewar gari. In cikin ya ƙi fita, sai a jira haihuwa a yar da jaririn, ko a raine shi cikin gori. Duk wannan ana kiran sa rufin asiri, alhali kuwa ƙarasa wa ɗan bindiga aikin da ya fara ne.

Duniya ta san tattakin kare ran ɗan tayi da ake yi a birnin Washington na Amurka a kowane watan Janairu tun 1974, shekara guda bayan Kotun Ƙolin ƙasar ta halasta zubar da ciki, hukuncin da ita kotun ta soke a watan Yunin 2022. Mu ma mun taɓa fita saboda rai, sai dai namu fitar ta fi ɗaci. A watan Mayun 2019, bayan kisan manoma a 'Yar Gamji ta ƙasar Batsari, mutane suka ɗauko gawa 18 suka kai har gidan gwamnati da ƙofar fadar Sarkin Katsina. A watan Fabrairun 2020 aka kashe mutum 30 a Tsauwa da Ɗankar, cikinsu har da tsofaffi da ƙananan yara. A watan Afrilun shekarar aka kashe 47 a ƙauyukan Safana da Dutsin-Ma da Ɗan Musa, kuma a watan Yuni matasa suka cika titunan Katsina suna neman a daina kisa. Abin da jama'a suka faɗa wa hukuma a lokacin shi ne ran talakan ƙauye ba shi da araha. To wanda ya yi wannan iƙirari a gaban Sarki ba shi da bakin komawa gida ya sa wa ran 'yarsa da na jikansa farashin tsoron surutun maƙwabta.

Mu dubi ita maganar jinin, domin a kanta aka ɗora komai. Masu yin ta sukan kafa hujja da cewa barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Gudun barewa halitta ce, fashi kuwa koyo ne. Babu jaririn da ya taɓa zuwa duniya da sanin harba bindiga ko cinikin kuɗin fansa. Ɗa yana iya ɗauko tsawon uba da launinsa, har da wasu cututtuka irin su sikila, amma babu wani awon jini da ya taɓa gano ta'addanci a jikin mutum. Su kansu waɗanda suka addabi dajin Rugu a yau, iyayen da yawansu makiyaya ne da suka rayu suka mutu ba su taɓa sace ko akuya ba. Satar shanu da ramuwar gayya da ƙwaya da rashin karatu da kwaɗayin kuɗin banza ne suka mai da 'ya'yansu abin da suka zama. In da hali a jini yake tafiya, da mutanen kirki ba su haifi waɗannan ba. Addinin da muke tutiya da shi ma ya rushe zancen tun daga tushe. Annabi Nuhu, amincin Allah ya tabbata a gare shi, ɗan cikinsa ne ya ƙi shiga jirgi. Annabi Ibrahim ya tashi ne a gidan mai sassaƙa gumaka. Ikirima ɗan Abu Jahal ne, ya kuma cika yana sahabi. Karantarwar Musulunci a fili take cewa kowane yaro ana haihuwarsa a kan tsarki, kuma babu ran da ke ɗaukar laifin wani. Ko matar nan ta ƙabilar Gamid da ta kai kanta gaban Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, da cikin da ta yi da saninta, mayar da ita aka yi har ta haihu ta yaye, don kada laifinta ya taɓa ɗan. Ina ga wadda aka ɗauke da bakin bindiga?

Borno ta riga mu ɗanɗana wannan. A 2016 asusun UNICEF da ƙungiyar International Alert sun fitar da rahoto a kan matan da suka kuɓuto daga Boko Haram, suka tarar da irin wannan zance na mugun jini, har ana gudun yaran ana kiran iyayensu mata da sunayen ɓatanci. Darasin da ke ciki mai tsanani ne. Yaron da ya buɗi ido ana nuna shi da baki, aka hana shi wasa da sa'o'insa, aka ƙi sa shi makaranta, shi ne wanda wata rana zai nemi inda za a karɓe shi, kuma daji ba ya korar kowa. In har ya lalace, tsangwamarmu ce ta kai shi, sannan mu dawo muna cewa ai dama mun faɗa.

Za a ce, ita matar fa? Wa ya san abin da take ji duk lokacin da ɗan ya motsa a cikinta? Wannan tambaya ce mai nauyi, kuma rashin adalci ne a share ta da wa'azi. Malamai ma ba su share ta ba. Mashhurin ra'ayi a mazhabar Malikiyya, wadda muke bi, shi ne hana taɓa ciki tun daga shigarsa. Wasu mazhabobin sun sassauta a farkon ciki idan akwai uzuri, kuma wasu malaman zamani sun yi rangwame ga matan Bosniya da aka yi wa fyaɗe a yaƙin 1992 zuwa 1995, matuƙar cikin yana kwanakinsa na farko. Bayan kwana 120 kuwa, lokacin busa rai, an haɗu a kan haramci sai in ran uwa ne ke cikin haɗari. Dokar laifuka ta Arewa ita ma ceton ran uwa kaɗai ta yarda da shi, ta kuma tanadi ɗaurin da ke iya kaiwa shekara 14. Duk inda mutum ya tsaya a wannan saɓani, babu malami ko likita ko alƙali da ya taɓa ba kawu ko gwaggo ikon ɗura wa yarinya magani a ɗaki ba da son ranta ba. Abin da ake yi a ɓoye yawanci don kare fuskar dangi ake yin sa, ita ba a ma tambayarta. Kuma kasada ce da rai: wani binciken cibiyar Guttmacher ya ƙiyasta cewa a 2012 kaɗai mata kusan 212,000 aka yi wa magani a asibitocin Nijeriya saboda illar zubar da ciki. Wannan a ƙasar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ita ce ke da sama da kashi ɗaya cikin huɗu na matan da suka mutu a dalilin ciki da haihuwa a duniya a 2020.

Za a kuma ce talauci, wa zai ciyar da jaririn alhali gona ta gagara? Gaskiya ne akwai yunwa, amma ba mu taɓa jin an yar da ɗan sunna don hatsi ya ƙare ba.

Abin yi yana farawa ne tun ranar da ta dawo. Kafin 'yan barka su cika gida, a kai ta asibiti, ko babban asibitin Batsari ko na Dutsin-Ma, in ta kama a wuce Asibitin Turai ko Asibitin Koyarwa na Tarayya a Katsina. Sa'o'i suna da muhimmanci. Maganin kariya daga cutar ƙanjamau yana aiki ne idan an fara shi cikin awa 72 daga cin zarafi na ƙarshe, ana kuma shan sa kwana 28. Maganin hana shigar ciki na gaggawa yana da amfani har zuwa kwana 5, kuma aikinsa hana cikin samuwa ne tun farko. A duba ta game da ciwon hanta da cututtukan sanyi, a yi mata awon jini, domin mafi yawansu da yunwa da zazzaɓi suke fitowa. In an tarar da ciki, a fara awo kamar kowace mai juna biyu, ta haihu a hannun ma'aikatan lafiya, musamman in yarinya ce ƙarama, saboda doguwar naƙuda ce ke jawo yoyon fitsari. In kuwa an riga an yi aika-aika, aka ga jini ya ƙi tsayawa, ko zazzaɓi mai zafi, ko ɗoyi, ko ciwon mara mai tsanani, to a bar kunya a garzaya asibiti, a kuma faɗa wa likita ainihin abin da ta sha. Wankin ciki a kan lokaci yana ceton rai da mahaifa.

Sai abin da asibiti ba ya iya yi. A daina tsare ta da tambayar me suka yi miki. A bar ta da mace ɗaya da ta amince da ita, uwa ko ya ko ƙawa, a lura da ita in ta daina barci ko cin abinci ko ta fara zancen mutuwa. Miji ya sani fiƙihu bai ɗora wa wadda aka tilasta laifi ba, kuma aurensa na nan. Batun istibra'i da nasabar ɗa yana da hukunce-hukuncensa a littattafai, sai ya tafi wajen malami masani ko alƙali a asirce, ya bar fatawar 'yan majalisar bakin titi. Sakin mace a irin wannan hali ba ya wanke kowa. In an haihu, a yi wa jariri huɗuba, a raɗa masa suna ranar bakwai, a yanka abin da ya sawwaƙa, a yi masa rigakafi da takardar haihuwa. In uwar ta ce zuciyarta ba za ta iya rainonsa ba, kada a tilasta ta kuma kada a zage ta. Riƙo al'adarmu ce tun kaka da kakanni, sai wata a dangi ta karɓa, ko a nemi ofishin jin daɗin jama'a na ƙaramar hukuma.

Limaman Juma'a su yi wannan magana a kan mumbari da Hausar da kowa zai gane, domin tsohuwar da ke haɗa jiƙo tana jin lasifika daga tsakar gida. Masarautun Sarkin Ruma a Batsari da Yariman Katsina a Safana suna da dagatai da masu unguwanni a kowane lungu, kuma umarni ɗaya daga gare su cewa duk mai yi wa irin waɗannan mata da yara gori zai amsa kira ya fi taron bita goma tasiri. Mun sayar da gonaki da shanu mun biya fansa don matanmu su dawo da rai. Wauta ce babba a ce bayan duk wannan asara, a ɗakin uwarta mace za ta rasa ran da ɗan bindiga ya bar mata.