Shin Ko Kun San Ƙashin Wuya Yana Ba da Shaida?

Ku taɓa wuyanku. Ƙasusuwa 7 ne jere a ciki. To, raƙumin dawan nan da aka kai gandun Gadabeji, arewa da Dakoro, a 2018, duk tsawon wuyansa shi ma 7 gare shi! Raƙumin da ke kiwo a Azagor ma 7.

Amma ga na mamaki. A ƙarƙashin haɓa, wajen gindin harshe, akwai wani ɗan ƙashi mai siffar harafin U. Bai haɗu da kowane ƙashi ba. Tsoka da jijiya kawai ke riƙe da shi. Shi likitocin binciken gawa ke nema ido rufe in an tono ƙwarangwal, domin shaƙewa tana iya karya shi.

Kar ku yi saurin yanke hukunci fa! Douglas Ubelaker, masanin ƙasusuwa na Amurka, ya nuna a 1992 cewa cikin waɗanda aka shaƙe da hannu, kusan ɗaya cikin uku ne kawai ƙashin ke karyewa. A yara kuwa sassansa ba su gama haɗewa ba, wasu ma har tsufa. Wanda bai ƙware ba sai ya ga rabuwar ya ce karaya ce. Kun ga yadda za a ɗora wa mutum laifin da bai ji ba bai gani ba?

Wuƙa ma tana barin sawu. Kowane mahauci ya san kaifi kan karci ƙashi. Siririn karce a gaban ƙashin wuya yana nuna yanka. Sara daga baya, wani labari ne daban. Ɗanyen ƙashi da busasshe kuma ba iri ɗaya suke karyewa ba, da haka ake gane raunin lokacin mutuwa da ɓarnar da ta faru a cikin ƙasa.

Ku ji wannan! Fir'auna Ramsis na III ya mutu fiye da shekara 3,000 da suka wuce. Tsofaffin takardun shari'a sun ce matarsa Tiye ta ƙulla masa makirci don ɗanta Pentawer ya hau gado, amma ba su fayyace ko an kashe shi ba. A 2012 masu bincike Zahi Hawass da Albert Zink suka bayyana abin da na'urar sikana ta hango ƙarƙashin likkafanin: yanka a wuyansa mai faɗin santimita 7, har ƙashi! Masu shirya gawar sun cusa laya a cikin raunin. Daga baya aka gano babban yatsan ƙafarsa ma sare shi aka yi da wani makami daban, alamar maharan sun fi ɗaya.